ZANCEN ZAURE: Zaɓen Fid Da Gwani Da Haɗin Kan Jam'iyya



Abin da ya jawo zancenmu na wannan wata shi ne wata gardama da aka yi ran taronmu da ya wuce, bayan an tashi ana shan shayi. Wani Alhaji cikin dattawanmu ya ce shi kam ba ya wahal da ƙafarsa zuwa zaɓen fid da gwani, don a ganinsa wannan faɗan masu gida ne. In sun gama sun tsai da mutum, shi ya je ya jefa masa ƙuri'a ran babban zaɓe, shi ke nan. Sai wani Malam ya ce masa, "Haba Alhaji! In suka tsai da wanda ya ci mutuncin addininka fa?" Alhaji ya ce, "Allah ya gafarta Malam, jam'iyya ai gida ce. Ɗan halak ba ya barin gidan ubansa don an yi masa tsawa." Aka yi ta ja-in-ja har Magariba ta yi, ba wanda ya sakar wa wani. Muka ce to, bari mu kawo maganar nan fili, kowa ya auna ta da hankalinsa.

Tun da fari mu faɗa, ƙungiyarmu ba ta da jam'iyya. A cikinmu akwai na giwa, akwai na jaki, kamar yadda a gida Gana akwai na giwa, akwai na laima, kuma duk sahu ɗaya muke bi ran Juma'a. Amma mu masu wannan fili ba mu taɓa ɓoye inda muka karkata ba. Ra'ayin 'yan mazan jiya gare mu, kuma da wannan idon za mu duba maganar. Wanda ke da wani ra'ayi dabam ya rubuto, za a buga.

ABIN DA YA SA MUKA KARKATA

Mu jikokin fatake ne. Kakanninmu sun bi hanyar Gwanja da ƙafa, sun san zafin fito da kuɗin hanya, sun san dukiya ba ta taruwa sai da tattali. Saboda haka in muka ji ɗan siyasa yana cewa a sassauta haraji ga mai ƙaramin kanti, a bar mutum ya nemi halalinsa, gwamnati kuma ta daina kashe abin da ba ta da shi, sai mu ji kamar iyayenmu ne ke magana. Haka kuma zancen aure da tarbiyya da girmama na gaba. Kun dai ji shari'ar iyayen yara ta gundumar Montgomery, maƙwabtanmu, inda Musulmi da Kirista suka haɗu suka nemi a ba su izinin janye 'ya'yansu daga darasin waɗansu littattafai da suka saɓa wa koyarwar addininsu. A watan Yuni na 1957 ne Shugaba Eisenhower, ɗan jam'iyyar Rifablikan, ya buɗe babban masallacin Washinton, a watan Yuni na 2025 kuwa Kotun Ƙoli ta ba iyayen nan gaskiya, alƙalai shida suka rinjayi uku. Tsakanin waɗannan shekaru biyu kuma, ran 17 ga Satumba 2001, kwana shida bayan harin da aka kai wa Amurka, Shugaba George W. Bush ya taka zuwa wannan masallaci ya gargaɗi mutanen ƙasa kada su ɗora wa Musulmi laifin 'yan ta'adda. Irin waɗannan abubuwa su suka sa waɗansunmu suka yi rajista da jam'iyyar giwa.

YADDA ABIN YAKE A JIHARMU

To, bari mu fara da maganar Alhaji ta farko, watau cewa zaɓen fid da gwani faɗan masu gida ne. A nan muna ganin Alhaji ya yi kuskuren lissafi, kuma ɗan kasuwa bai kamata ya yi kuskuren lissafi ba.

Jihar Merilan rabonta da ba ɗan Rifablikan ƙuri'arta a zaɓen shugaban ƙasa tun 1988. A gundumarmu ta Prince George's kuwa, a zaɓen 2020, Mista Biden ya sami wajen kashi 89 cikin ɗari. Watau ɗan mazan jiya da ke zaune a Bowie, in ya tsaya jiran watan Nuwamba, ƙuri'arsa ta shugaban ƙasa ɗigo ce a bakin kogi. Amma dubi zaɓen fid da gwani. A 2016 jam'iyyar Rifablikan ta ba Merilan wakilai 38 zuwa babban taronta. Jihar tana da mazaɓu takwas na majalisar wakilai, kowace mazaɓa aka ba ta wakilai uku, wanda ya zo na ɗaya a mazaɓa ya kwashe ukun, sauran 14 kuwa na wanda ya ci jiha duka. Ku lura fa, ba a duba yawan 'yan jam'iyya da ke cikin mazaɓa. Inda suke da yawa, can yammacin jiha ko ƙetaren ruwa ta gabas, uku ne. Inda suke 'yan kaɗan, kamar nan wajenmu, uku ne. Ashe ke nan a irin wannan rabo ƙuri'ar Alhaji guda ta fi ta mutumin can nauyi. Kasuwar da hajarsa ke da tsada ita yake ƙaurace wa, ya kai kayansa inda ba mai taya su.

Sai dai akwai sharaɗi. A Merilan ba ka jefa ƙuri'a a zaɓen fid da gwanin jam'iyya sai in da sunanta ka yi rajista. Wanda ya rubuta cewa shi ba shi da jam'iyya, in ya je rumfa ba za a ba shi takardar giwa ba, ba za a ba shi ta jaki ba, iyakarsa kujerun da ba na jam'iyya ba, irin na hukumar makarantu. Mai son sauya jam'iyya kuwa sai ya yi tun da sauran mako uku kafin ranar zaɓe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

IN BANGO YA TSAGE

Amma maganar Alhaji ta biyu, cewa jam'iyya gida ce, tana da ƙamshin gaskiya, kuma tarihi ya ba shi shaidu da yawa.

A 1912 'yan Rifablikan suka taru a Shikago suka tsai da Shugaba Taft. Theodore Roosevelt, wanda ya riga shi hawa kujerar, ya ce an yi masa maguɗi, ya fita da mutanensa ya kafa tasa jam'iyya. Da aka ƙidaya, Roosevelt ya sami wajen kashi 27 cikin ɗari, Taft wajen kashi 23, Woodrow Wilson na Dimokurat kuwa wajen kashi 42. In an haɗa na biyun farko sun fi rabin ƙasa, amma Wilson ya shiga fada da ƙuri'un wakilan jihohi 435, Taft mai riƙe da mulki ya tashi da 8 kacal. A 1964 kuma, a San Faransisko, 'yan mazan jiya suka tsai da Barry Goldwater, suka yi wa Gwamna Rockefeller na Niyok ihu yana kan mumbari. Shi da irinsa suka naɗe hannu. Goldwater bai ci jiha fiye da shida ba cikin hamsin.

Mu koma gida. Dattawanmu da yawa sun jefa ƙuri'a a zaɓen Gana na watan Yuni 1979. Gidan Danquah da Busia ya rabu biyu, Victor Owusu ya ja PFP, William Ofori Atta, wanda ake kira Paa Willie, ya ja UNC. A zagayen farko Owusu ya sami kusan kashi 30, Paa Willie kashi 17, Dokta Hilla Limann kuwa kashi 35. Da 'yan gida ɗaya sun tsaya wuri guda, da su ne a gaba. Da aka koma zagaye na biyu ba su gyara ba, Limann ya yi gaba da mulki.

Na kusa kusa kuma, nan jiharmu. A 2022 'yan Rifablikan na Merilan suka yi zaɓen fid da gwanin gwamna. Gwamna Larry Hogan, wanda ya ci zaɓe sau biyu a jihar da ba ta giwa ba, ya tsaya wa Kelly Schulz, Mista Trump kuwa ya tsaya wa Dan Cox. Cox ya ci, Hogan ya ce ba zai mara masa baya ba. Ran babban zaɓe Cox ya tashi da wajen kashi 32, Wes Moore ya ninka shi, gidan gwamna ya koma hannun Dimokurat.

Haka aka sake gani a Gana. Ran 26 ga Agusta 2023 manyan wakilan NPP suka tace 'yan takara, Dokta Mahamudu Bawumia ya zo na ɗaya, Kennedy Agyapong na biyu, Alan Kyerematen na uku. Mista Kyerematen ya ce an tsoratar da mutanensa, ya janye, kafin watan Satumba ya ƙare ya bar jam'iyyar ɗungum. Ran 4 ga Nuwamba Dokta Bawumia ya ci da kashi 61, Musulmi na farko kuma ɗan Arewa na farko da NPP ta ba tutarta. Amma ran 7 ga Disamba 2024 John Mahama ya kayar da shi da rata mai yawa. Ba mu ce rabuwar kai kaɗai ta jawo haka ba, gama tsadar kaya ta gallabi mutane, a ƙarshen 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari. Sai dai wanda ya duba alƙaluma zai ga ƙuri'un Mista Mahama ba su ƙaru da yawa bisa na 2020 ba, na giwa ne suka ragu da kusan miliyan biyu. 'Yan gida ne suka zauna a gida. Shi wanda ya fita ɗin kuwa bai kai ko kashi 1 ba. Mai fita bai ci ba, na ciki bai ci ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

YADDA MANYA SUKE YI

Akwai kuma waɗanda suka san hannunsu. A 1976, a birnin Kansas, Ronald Reagan ya nemi ƙwace tutar jam'iyya daga hannun Shugaba Ford, aka kara har zuwa daren ƙarshe. Ford ya sami wakilai 1,187, Reagan 1,070. Ford bai yi girman kai ba, ya yafito shi ya hau mumbari ya yi wa jama'a jawabi, shi kuma bai fasa gida ba. Ford ya sha kaye hannun Jimmy Carter da ɗan rinjaye kaɗan, amma jam'iyya ta zauna lafiya. Da Reagan ya ci tutar a 1980, sai ya ɗauko George Bush babba, wanda ya yi takara da shi har ya yi wa shirinsa na tattalin arziki ba'a, ya mai da shi mataimaki. Suka ci jiha 44.

A Gana ma an yi haka. A taron Sunyani na 1998 John Kufuor ya kayar da Nana Akufo-Addo. Nana bai yi fushi ba, ya shiga yawon neman ƙuri'a tare da shi, suka ci zaɓen 2000, aka ba shi Ministan Shari'a, daga baya na Harkokin Waje. A watan Disamba 2007 kuma, a jami'ar Legon, mutum 17 suka tsaya, har da Mataimakin Shugaban Ƙasa Alhaji Aliu Mahama, Allah ya jiƙansa. Nana ya sami ƙuri'a 1,096, Alan Kyerematen 738, ba wanda ya haura rabi, doka ta ce a sake karawa. Nan take Mista Kyerematen ya ce ya janye, a bar wa Nana. Wannan halin girma ne, kuma ya kamata a tuna masa shi. Amma bayan 'yan watanni ya koka cewa ana tsangwamar mutanensa, har ya ajiye jam'iyya kafin a lallashe shi ya komo. A zaɓen 2008 giwa ta faɗi da ratar ƙuri'a dubu arba'in da 'yan kai.

To, me wannan ya koya mana? Haɗin kai bashi ne da ke wuyan mutum biyu. Wanda aka kayar, bashinsa ya miƙa hannu, ya gaya wa mutanensa su fito. Wanda ya ci, bashinsa ya kame bakin yaransa, ya raba aiki da adalci, kada ya mai da 'yan'uwansa bayin yaƙi. Galibi akan matsa wa na farko ya biya nasa, a manta da na biyu. A ayarin kakanninmu, kafin a tashi kowa yana da bakin magana kan hanyar da za a bi da wanda zai zama madugu. In an tashi sai a bi. Amma madugu shi ma ya san in jakin wanda ya yi masa gardama jiya ya faɗi a fadama, tilas ayari ya tsaya a ta da shi.

Kada kuma mu ɓoye abin da bai goyi bayan zancenmu ba. A 2016 mutum 17 suka nemi tutar Rifablikan. Jam'iyya ta sa su sa hannu a takardar alkawari cewa kowa zai bi wanda ya ci, amma kafin ƙarshen Maris ukun da suka rage duk sun ja da baya ga alkawarin. Ran 26 ga Afrilu aka yi na Merilan, Mista Trump ya sami kashi 54, Gwamna John Kasich 23, Sanata Ted Cruz 19, Trump ya kwashe wakilai 38 ɗin duka. A babban taro na Cleveland Kasich bai leƙa zauren ba, alhali kuwa shi ne gwamnan jihar, Cruz kuma ya hau mumbari ya ƙi furta goyon baya har aka yi masa ihu, sai a watan Satumba ya sauko. Duk da haka Trump ya ci zaɓe. Watau fushin manya ba kullum yake kayar da jam'iyya ba, in dai talakawanta sun fito. Abin da ke kayar da ita shi ne mai ƙuri'a ya ji an raina shi, ya zauna a ɗaki.

INDA BIYAYYA TA TSAYA

Yanzu mun zo ga tambayar Malam, kuma ita ce mai nauyi. Mutanen zango sun san amsarta fiye da kowa, don a jikinsu suka karanta ta.

A zamanin neman mulkin kai, Musulmin zango da yawa sun bi jam'iyyar Musulmi ta MAP, wadda ta haɗa kai da 'yan hamayya. A 1957 gwamnatin Dokta Nkrumah ta kori shugabanninta biyu na Kumasi, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan, ta tura su Nijeriya. A wannan shekara MAP ta narke cikin jam'iyyar UP ta Dokta Busia. Iyayenmu sun sha wuya domin wannan gida. To, da Busia ya hau mulki fa? Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatinsa ta fid da doka cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya fita cikin kwana 14. Waɗansunmu suna yara a lokacin, sun ga manyan motoci cike da maƙwabta, sun ga an sayar da gida da kanti a kuɗin da bai kai ya kawo ba, sun ga an kori mutanen da a Kumasi da Nima aka yanke musu cibiya. Daga ran nan zango ya juya wa gidan baya. Sai da aka shekara 31 kafin Kufuor ya ɗauko Alhaji Aliu Mahama, ya zama Musulmi na farko da ya riƙe mataimakin shugaban Gana. Aka ƙarfafa reshen Nasara don jawo mutanen zango, a 2017 aka kafa ma'aikatar raya zango, ko da yake an rushe ta a 2021. Ku lura fa, jama'a: da zango ya yi shiru a 1969 ya ci gaba da jefa ƙuri'a kamar ba a yi kome ba, da ba wanda zai zo biko.

Saboda haka da muka ji ran 7 ga Disamba 2015 Mista Trump, yana neman tutar jam'iyyarmu, ya ce a rufe wa Musulmi ƙofar Amurka gaba ɗaya, gabanmu ya faɗi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Waɗansu suka ce ai zancen neman ƙuri'a ne kawai. Amma ran 27 ga Janairu 2017 ya sa hannu a dokar hana mutanen ƙasashe bakwai shigowa, a ƙarshen Janairu 2020 aka hana 'yan Nijeriya bizar zama, a watan Yuni 2025 kuma aka sa Cadi cikin waɗanda aka hana, aka taƙaita wa Togo. Akwai gidaje cikinmu da aka raba miji da mata, uwa da ɗa, shekara da shekaru. Mu dai a Afrilu 2016 Gwamna Kasich muka jefa wa, aka kayar da mu. Da Nuwamba ta zo muka je rumfa, muka zaɓi 'yan jam'iyya a sauran kujeru, gurbin shugaban ƙasa kuwa muka bar shi fari. Ba mu yaga katinmu ba, ba mu kuma koma gidan jaki ba. Mun san cikin masu karatu akwai waɗanda suka zaɓi Mista Trump, musamman a 2024, saboda tsadar kaya da zancen makarantu, ko don fushin abin da ya faru a Gaza. Ba mu zarge su ba, kowa da ma'auninsa.

Ba mu kaɗai muka yi irin wannan ba. Gwamna Hogan a 2016 sunan mahaifinsa ya rubuta a takardar ƙuri'a, a 2020 kuma sunan marigayi Reagan. Mahaifin nasa kuwa, Lawrence Hogan, shi ne wakilin wannan yanki namu a majalisar ƙasa a 1974, sa'ad da ake binciken Shugaba Nixon. Cikin 'yan Rifablikan na kwamitin shari'a shi kaɗai ya amince da tuhuma ukun duka a kan shugaban jam'iyyarsa. 'Yan gida suka ce ya ci amana, suka hana shi tutar gwamna a wannan shekara. Nixon ya sauka ran 9 ga Agusta, kuma a 1978 mutanen Prince George's suka zaɓi Hogan shugaban gunduma. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Akwai wani misali kuma. Nikki Haley ta janye daga takara ran 6 ga Maris 2024, amma da aka yi zaɓen Merilan ran 14 ga Mayu, sunanta yana nan a takarda, kimanin ɗaya cikin kowane biyar ita ya jefa wa. Mutanen nan sun san ba za ta ci ba. Saƙo suka aika wa wanda ya ci, cewa ga mu nan, ka neme mu. Ita kuma daga baya ta ce za ta zaɓe shi, ta yi jawabi a babban taro na Milwaukee. Wannan shi ne amfanin zaɓen fid da gwani ko ga wanda gwaninsa ya faɗi: an ƙidaya shi, an san da zamansa.

ABIN DA MUKE NEMA

Tsarin mulkin Amurka, bisa gyaran da aka yi masa a 1951, ya hana a zaɓi mutum shugaban ƙasa fiye da sau biyu. Saboda haka a 2028 fili a buɗe yake, masu neman tutar giwa za su fito. Ba mu ambaci sunan kowa ba tukuna, ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Amma ga mudun da za mu auna su da shi.

Na ɗaya, mu ji abin da mutum ke faɗa a kan abokan takararsa. Wanda ya soki aikin ɗan'uwansa ya yi daidai, don haka aka shirya zaɓen. Wanda kuwa ya zagi matarsa ko mahaifinsa, ya haƙa ramin da ba zai iya cikewa ba bayan an gama. Magana zarar bunu ce.

Na biyu, mu tambaya ko ya taɓa faɗuwa, kuma yaya ya yi da ya faɗi. Dokta Bawumia, washegarin zaɓen 2024, tun hukuma ba ta sanar ba, ya kira abokin karawarsa ya taya shi murna, Gana ta kwana lafiya. Wanda ba ya iya cewa an kayar da ni, kada ya zo yana yi mana wa'azin haɗin kai.

Na uku, mu ji bakinsa a kanmu. Ba mu ce a bar iyakar ƙasa ba tsaro ba, mu ma da takarda muka shigo, muka bi layi, muna biyan haraji. Amma a kama mai laifi da laifinsa, kada a kama shi da sunansa ko da alƙiblarsa. Wanda ya ce yana kare 'yancin addini, to, ya kare na coci da na masallaci da mudu ɗaya.

In mutum ya cika waɗannan, ko ba shi ne gwaninmu ba, in ya ci tuta za mu bi shi, mu kuma ja waɗansu su bi. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, balle 'yan jam'iyya a kan haraji ko kasafin kuɗi. Irin wannan saɓani ba ya raba gida. In kuwa ya ce ba mu da wuri a ayarin, to, shi ya fara saɓa alkawari, ba mu ba.

Amsarmu ga dattawan nan biyu ke nan. Alhaji yana da gaskiya cewa ba a barin gida don an yi faɗa. Malam yana da gaskiya cewa biyayya tana da iyaka. Amma dukansu biyu wuri ɗaya ya kamata a gan su, watau a rumfa ran zaɓen fid da gwani, gama wanda bai zo ran ɗaurin aure ba ba shi da ta cewa a kan sadaki.

Muna roƙon duk wanda ya zama ɗan ƙasa ya duba rajistarsa tun yanzu, ya ga ko da sunan jam'iyya take, kowace ce ya zaɓa. Samari su taimaki iyaye da kwamfuta, kada a bar iyayenmu mata baya. Sai gargaɗi ɗaya mai muhimmanci. Wanda takardar izinin zama kawai gare shi, bai riga ya yi rantsuwar zama ɗan ƙasa ba, kada ya kuskura ya yi rajistar zaɓen jiha ko na ƙasa, ko wa ya miƙo masa takarda. Gaskiya ne waɗansu garuruwa kamar Takoma Park da Hyattsville suna barin wanda ba ɗan ƙasa ba ya zaɓi magajin gari da 'yan majalisarsa, amma wannan rajista ce dabam, iyakarta garin. Wanda ya rikita biyun yana iya rasa takardunsa, har a kore shi daga ƙasar. In kana shakka, ka tambaya kafin ka sa hannu.

Allah ya ba mu shugabanni masu adalci, nan da gida. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya haɗa kanmu a kan alheri. Amin. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.